Ku Tambaya Mu Amsa: Shin Annabci da Al'ajibai Sun Tafi da Manzanni?

Wasiƙu sun taru a wannan wata, kuma mafi yawansu a kan magana ɗaya suke zagayawa, wato annabci da al'ajibai a addinin Kirista. Na ɗauko uku daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin fili. Ta farko za ta ci mana wuri da yawa, domin amsar sauran biyun tana rataye a wuyanta.

TAMBAYA: Baba Malam, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya a garin Zuru. Mahaifinmu dattijon ikilisiya ne tun kafin a haife ni, kuma abin da ya koya mana shi ne annabci da magana da harsuna da baiwar warkarwa duk sun ƙare tun zamanin manzanni. Ƙanena ya tafi karatu Kaduna, ya dawo yana cewa ikilisiyar da ba a ganin al'ajibi a cikinta matacciya ce. Bayan girbin bara wani mai wa'azi ya zo ya kafa rumfa da lasifika a fili, ya yi dare uku yana kiran mutane da sunayensu, yana gaya musu abin da ke damunsu. Ƙanena bai fasa ko dare ɗaya ba, Baba kuwa ya hana mu ko leƙawa. Tun daga nan su biyun ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Wane ne ke kan gaskiya? Daga Saratu, Zuru.

AMSA: 'Yata Saratu, na gode da wasiƙarki, Ubangiji ya kawo sulhu a gidanku. Gardamar da ta shiga tsakanin mahaifinki da ƙanenki ta girme su da ɗaruruwan shekaru, kuma a kowane ɓangare akwai manyan malamai waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan nassi, saboda haka kada ki ɗauka cewa ɗayansu ya bar bangaskiya.

Sai dai gardamar ba ta kai girman da ake ba ta a tsakar gida ba. Na tabbata in ɗanki ya kwanta da zazzaɓi, mahaifinki zai ɗora masa hannu ya roƙi Allah ya ba shi lafiya, in kuma damina ta yi jinkiri, yana sahun gaba na waɗanda za su taru a majami'a roƙon ruwa. Ke nan bai ce Allah ya daina aiki ba. Na kuma tabbata in aka tambayi ƙanenki ko abin da mai wa'azin nan ya faɗa a fili za a buga shi a liƙa a bayan Wahayin Yahaya ya zama littafi na 67, zai ce Allah ya kiyaye. Ke nan shi ma bai ce ana ci gaba da rubuta nassi ba. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne, shin har yau Ruhu Mai Tsarki yana ba wani mutum takamaimai baiwar annabci ko ta warkarwa ko ta harsuna, irin waɗanda Manzo Bulus ya lissafa a 1 Korantiyawa 12:8-10, ko kuwa waɗannan baye-baye sun gama aikinsu a farkon ikilisiya, aka janye su, aka bar mu da addu'a da rubutacciyar Magana?

Hujjar mahaifinki tana farawa ne daga tambayar abin da ya sa aka yi al'ajiban tun asali. Ibraniyawa 2:3-4 ta ce Allah ya tabbatar da shaidar waɗanda suka ji daga bakin Ubangiji ta wurin alamu da al'ajibai, Bulus kuma a 2 Korantiyawa 12:12 ya kira waɗannan ayyuka alamun manzo na gaskiya. Wato al'ajibi kamar hatimi ne a kan takardar ɗan aike, in an riga an karɓi saƙon an tabbatar da shi, ba a sake buga masa hatimi kowace safiya. Afisawa 2:20 ta ce an gina ikilisiya a kan harsashin manzanni da annabawa, kuma duk wanda ya taɓa gina ɗaki ya san sau ɗaya ake haƙa harsashi, ba a sake haƙa shi bayan gini ya kai linta. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa ko a cikin Littafi Mai Tsarki al'ajibai ba su warwatsu daidai a kowane zamani ba, sun fi taruwa a lokacin Musa da Joshuwa, da lokacin Iliya da Elisha, da lokacin Yesu da manzanninsa. Yahaya Mai Baftisma, wanda Yesu ya ce a cikin haihuwar mata ba wanda ya fi shi, bai yi ko mu'ujiza ɗaya ba, kamar yadda Yahaya 10:41 ta faɗa. Bulus ɗin nan da ake kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa wurin marasa lafiya a Afisa suna warkewa, shi ne a wasiƙarsa ta ƙarshe ya rubuta cewa ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya.

Tarihi ma ya ba su abin riƙewa. Yohanna Kirisostom, wanda ya yi bishop a Kustantiniya ya rasu a 407, da ya zo fassara 1 Korantiyawa 12 sai ya ce wurin yana da duhu a gare su, domin abubuwan da ake magana a kansu sun daina faruwa. Jon Kalbin na Janiba, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya a Turai, ya koyar da cewa baiwar warkarwa ta ɗan lokaci ce, kuma bayanin bangaskiyar da malaman Ingila da Sikotilan suka kammala a Westminista a 1646 ya faɗa tun a babin farko cewa hanyoyin da Allah ya bi a dā yana bayyana nufinsa ga jama'arsa sun ƙare. A 1918 Benjamin Warfil na makarantar tauhidi ta Firinston a Amurka ya tattara waɗannan hujjoji wuri ɗaya, kuma har yau daga rijiyarsa masu wannan ra'ayi suke ɗiba. Akwai kuma wani abu da ya fi kusa da mu. A cikin mutum uku da suka sauka Legas a 1893 suka fara mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar ECWA, biyu, Walta Gowans da Tomas Kent, sun mutu kafin 1894 ta ƙare, kuma wanda ya rage, Rolan Bingam, daga baya ya yi rubutu yana ƙalubalantar masu koyar da cewa duk mai bi na gaskiya dole ne ya warke ba da magani ba. Mutanen da suka binne abokansu haka, makaranta da ɗakin shan magani suka gina kusa da majami'a, kuma dattawa irin mahaifinki a wannan inuwa suka tashi.

Ƙanenki shi ma ba hannu wofi ya zo ba. A ranar Fentikos Bitrus ya ɗauko annabcin Yowel, ya ce a kwanakin ƙarshe Allah zai zubo Ruhunsa a kan dukan mutane, 'ya'ya maza da mata za su yi annabci, samari su ga wahayi, tsofaffi su yi mafarkai, kuma kusan dukan Kirista sun yarda cewa kwanakin ƙarshen nan sun fara daga zuwan Almasihu na farko, ba su kuma ƙare ba tukuna. Sa'an nan baye-bayen ba su tsaya a kan manzanni kaɗai ba. Istifanas da Filibus masu hidimar rabon abinci ne, amma sun yi alamu. Filibus yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci, Agabas ya yi faɗin yunwar da ta auku a zamanin Kaisar Kalaudiyas, Hananiya na Dimashƙu kuwa almajiri ne kawai aka kira shi, amma a hannunsa idon Bulus ya buɗe. Ga kuma umarni a fili wanda ba a sa masa ranar ƙarewa ba. A 1 Korantiyawa 14 an ce a yi marmarin baye-bayen Ruhu, musamman annabci, kada kuma a hana magana da harsuna. A 1 Tasalonikawa 5:19-21 an ce kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, a gwada kome, a riƙe abin da yake mai kyau. Yakubu 5:14-15 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji.

Ayar da aka fi ja-in-ja a kanta ita ce 1 Korantiyawa 13:8-12, inda Bulus ya ce annabci zai shuɗe, harsuna za su ƙare, sa'ad da cikakken ya zo. Waɗansu daga cikin mutanen mahaifinki sun ce cikakken nan shi ne kammalar Sabon Alkawari. Amma Bulus da kansa ya bayyana lokacin da cewa a sa'an nan za mu gani ido da ido, mu sani sarai kamar yadda aka san mu, kuma ni dai, da Littafina a hannu shekara da shekaru, ban kai wannan matsayi ba, ban kuma ga wanda ya kai ba. Ayar ta fi dacewa da ranar dawowar Almasihu, kuma da yawa daga cikin masu cewa baye-bayen sun ƙare sun yarda da haka, shi ya sa suka koma dogara ga maganar harsashi.

Tarihin ma baki biyu ne da shi. Iraniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 180 cewa a zamaninsa akwai 'yan'uwa masu fitar da aljanu, da masu wahayi, da masu warkarwa ta ɗora hannu. Agustin, ɗan Afirka ta Arewa wanda ya yi bishop a Hippo, inda garin Annaba na Aljeriya yake yanzu, da ƙuruciyarsa ya rubuta cewa ba a bar irin waɗancan al'ajibai su kai zamaninsa ba, amma kafin rasuwarsa a 430 ya gyara maganarsa, har ya ce an rubuta kusan warkarwa saba'in a garinsa cikin ƙasa da shekara biyu. Farkawar da ta haifi ikilisiyoyin Fentikos na yanzu ta ɓarke ne a 1906 a wani tsohon gini a titin Azusa na birnin Los Anjalis, ƙarƙashin Wiliyam Simo, baƙar fata ɗan 'yantattun bayi mai ido ɗaya. A ƙasarmu kuwa annobar murar 1918 ta tayar da ƙungiyoyin addu'a na Aladura a ƙasar Yarbawa, sa'an nan a 1930 Yusufu Ayo Babalola, wanda dā direban motar daddaɓe hanya ne, ya tara dubban mutane a Ilesha, marasa lafiya suna ta kwarara wurinsa.

Katolika sun tsaya a wani wuri da ya kamata ku duba, ko da ba ɗariƙarku ba ce. Koyarwarsu ita ce babu wani sabon wahayi na kowa da kowa da za a jira kafin dawowar Almasihu, amma Allah yana iya nuna wa mutum wani abu don amfanin zamaninsa, kuma ba a tilasta wa kowa gaskata shi. Sun yarda da al'ajibai, har ba a cika ɗaga mutum zuwa matsayin tsarkaka ba sai an tabbatar da warkarwa ta wurin roƙonsa, kamar yadda aka bi kafin Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana Fada Tansi, firist ɗan Najeriya, a matsayin mai albarka a Oba kusa da Onica a ranar 22 ga Maris 1998. Amma dubi irin tankaɗen da suke yi. A Lurdu ta Faransa, inda masu ziyara ke zuwa tun 1858, akwai ofishin likitoci tun 1883 wanda ke bincikar duk wanda ya ce ya warke, kuma a cikin fiye da mutum 7,000 da suka kai labarinsu, zuwa 2018 guda 70 kacal ikilisiyar ta amince ta kira mu'ujiza.

To, tun da kin tambaye ni ra'ayina, ga shi. Na nema ban sami ayar da ta ce baye-bayen nan za su tsaya ranar da manzo na ƙarshe ya mutu ba. Abin da mahaifinki ya riƙe istinbaɗi ne, mai ƙarfi ne ƙwarai a kan matsayin manzanni da rufewar nassi, amma ya fi rauni a kan warkarwa, kuma ba zan iya cewa Allah ya ɗaure hannunsa a inda bai faɗa da bakinsa ba. Sai dai maganar ƙanenki ta cewa ikilisiyar da ba a ganin al'ajibi matacciya ce, ita kam ba ta da ko ƙafar tsayawa. Ikilisiyar Koranti ta fi kowace baye-baye, ita ce kuma Bulus ya fi tsawata wa, har ya kira mutanenta jarirai. Yesu da kansa a Matiyu 7:22-23 ya ce waɗansu za su zo a ranar ƙarshe suna cewa sun yi annabci da sunansa, sun fitar da aljanu, zai kuwa ce musu bai taɓa saninsu ba. Ikilisiyar da ta ciyar da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, ta shimfiɗa musu tabarmi a ajujuwan makarantar Lahadi, ba zan yarda yaron da bai daɗe da fara aske gemu ba ya kira ta gawa.

Akwai wuri ɗaya da har masu yarda da ci gaban annabci suka kasa haɗa baki, kuma nan ne haɗarin yake. Waɗansunsu suna cewa annabcin Sabon Alkawari yana iya gaurayuwa da kuskuren mai faɗa, suna kafa hujja da almajiran Taya waɗanda suka ce wa Bulus ta wurin Ruhu kada ya je Urushalima, ya kuwa tafi, da kuma umarnin 1 Korantiyawa 14:29 cewa mutum biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. Mutanen mahaifinki sukan amsa da Maimaitawar Shari'a 18:22, cewa wanda ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba. Ko wanne kika ɗauka, sakamakon ɗaya ne a aikace, wato dole a auna, kuma ikilisiya ce ke aunawa, ba mai maganar ba.

Game da kiran mutane da sunayensu, ban ga wannan mai wa'azi ba, ba zan yanke masa hukunci daga nesa ba. Zan dai gaya miki abin da idona ya gani shekarun baya a wani taro irin wannan. Na isa filin da la'asar sakaliya, kafin a tayar da janareta, sai na tarar da samari sanye da riguna iri ɗaya suna bin benci-benci da ƙananan takardu, suna cewa kowa ya rubuta sunansa da garinsu da buƙatarsa don a yi masa addu'a. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ba ta iya rubutu ba, ni na rubuta mata cewa ɗanta ya tafi Legas shekara huɗu babu labari. Wajen ƙarfe goma na dare mai wa'azin ya rufe ido, ya ɗaga hannu, ya ce Ruhu yana nuna masa wata uwa daga gari kaza wadda ɗanta ya ɓace a Legas shekara huɗu. Tsohuwar ta zube ƙasa tana kuka, fili ya ɗauki ihu, ni kuwa bironda na yi rubutun da shi yana aljihuna. Wannan dabara ba a nan aka fara ta ba, domin a 1986 an tona asirin wani mai wa'azin talabijin a Amurka, Pita Popof, wanda matarsa ke karanto masa sunaye da cututtukan mutane ta wata 'yar na'ura da ya saƙala a kunne. Ki tambayi ƙanenki, cikin lumana, ko an raba takardu kafin taron, ko an sayar da mai ko ruwa ko hankici, ko kuma an faɗi wani abin da za a iya jira a gani. Tun ƙarni na farko ko farkon na biyu akwai wata 'yar takardar koyarwa da ikilisiyoyi ke amfani da ita, ana kiranta Didake, wadda ta ce baƙon da ya zo a matsayin manzo a sauke shi kwana ɗaya ko biyu, in ya kai uku, ko ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne. Mai gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Shi kuma Baba, ki roƙe shi da ladabi ya zauna da yaron su karanta 1 Korantiyawa sura 12 zuwa 14 gaba ɗaya, ba tsinken aya ba. Hana shi zuwa ba zai hana shi ba, tun da wa'azin yana cikin wayarsa.

TAMBAYA: Malam, ni Musulmi ne, ina sayar da kayan gini a Gusau, kuma ina karanta filinka saboda ina da abokan ciniki Kirista da muke mutunci. Nakan ga takardun talla an manna a bango an rubuta Annabi wane zai zo gari. Mu a wurinmu an rufe annabta da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Shin Kirista suna ɗaukar waɗannan mutane daidai da Annabi Musa da Annabi Iliyasu ne? Daga Alhaji Bello, Gusau.

AMSA: Alhaji, na gode da wannan tambaya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. A taƙaice, a'a. Babu wata babbar ɗariƙar Kirista, ko Katolika ko Angilika ko Baftis ko ECWA, har da manyan ikilisiyoyin Fentikos, da ke ɗora wani mai rai a yau a kan kujerar Musa ko Ishaya, ko take karanta maganarsa a matsayin nassi. Wasiƙar Ibraniyawa ta buɗe ne da cewa a dā Allah ya yi wa kakanni magana ta bakin annabawa ta hanyoyi iri-iri, amma a kwanakin nan na ƙarshe ya yi magana ta wurin Almasihu, kuma Kirista sun fahimci wannan a kan cewa saƙon ya cika. Inda muka bambanta da ku a fili yake, ku kuna kafa hujja da aya ta 40 ta Suratul Ahzab a kan cikamakin annabawa, mu kuma muna tsayawa a kan Almasihu da shaidar manzanninsa, amma kowane ɓangare yana da ƙofar da ya ce an rufe.

Ruɗanin daga kalma yake tasowa. Tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da aka kammala a 1932, kalmar annabi ɗaya ce ake amfani da ita ga Musa mai Attaura da kuma mutum irin Agabas, wanda bai kawo shari'a ba, bai bar littafi ba, gargaɗi ya yi wa 'yan'uwa a Antakiya cewa yunwa na tafe, suka tara gudummawa. Bulus ya ce mai annabci a cikin taron ikilisiya yana magana ne don ginawa da ƙarfafawa da ta'aziyya. Kunnen Bahaushe Musulmi kuwa in ya ji annabi, ma'aiki mai wahayi yake ji, shi ya sa takardar bangon take yi maka nauyi, kuma gaskiya ni ma takan yi mini. Malamanku sun raba mu'ujiza, wadda ta keɓanta ga annabawa, da karama, wadda Allah kan girmama waliyyai da ita. Ba abu ɗaya ba ne da koyarwar Kirista, amma in ka riƙe wannan rabo a zuciya za ka kusanci abin da Kirista mai yarda da al'ajibai a yau yake nufi.

Duk lokacin da wani ya ƙetare wannan iyaka, ikilisiya takan ja da baya daga gare shi. A ƙarni na biyu wani mai suna Montanus ya tashi a yankin Firijiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, shi da mata biyu, Firiska da Maksimila, suna magana kamar Ruhu ne da kansa ke furuci ta bakinsu, kuma bishop-bishop na yankin suka taru suka ƙi koyarwarsu. Haka kuma littafin da Yusufu Simit ya fitar a Amurka a 1830 yana cewa ƙarin nassi ne, sauran ɗariƙu ba su karɓe shi ba har yau. Shi kuwa laƙabin da kake gani a bango, a ikilisiyoyin Aladura masu fararen riguna muƙami ne da suke naɗawa bisa tsarinsu, amma a wurin da yawa daga masu yawon taro, mutum ne ya kai wa mai buga takarda sunansa ya ce a sa masa Annabi a gaba. Abin ya taɓa kai wa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa iya wuya, har a 2004 ta hana nuna al'ajiban da ba a tabbatar da su ba. Masu fitowa kowace jajibirin sabuwar shekara suna faɗin wanda zai ci zaɓe kuwa, ka riƙa ajiye maganarsu a aljihun teburin shagonka ka duba bayan an ƙidaya ƙuri'a, mu ma haka muke yi.

TAMBAYA: Baba, mahaifiyata tana da hawan jini, shekara shida tana shan magani. Makonni uku da suka wuce wani bawan Allah ya yi mata addu'a, ya ce ta warke, kuma in ta sake haɗiyar ƙwaya ta nuna rashin bangaskiya, ciwon zai dawo ninki bakwai. Ta ba ni magungunan ta ce in zubar, na ɓoye su a akwatina. Ta ce tana jin daɗin jikinta. Na yi zunubi? Daga Ishaku, Yelwan Yawuri.

AMSA: Ɗana Ishaku, ba ka yi zunubi ba, kuma wannan ba maganar jira ba ce. Jin daɗin jiki ba shaida ba ne a hawan jini, domin ciwo ne da yakan hau shiru ba ciwon kai ba jiri, yana cin jijiyoyi da ƙoda da zuciya, sai ranar da mutum ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki ake sanin inda aka kwana. Ƙwayoyin ba sa kashe ciwon, danne shi suke yi, in an daina sha yakan koma inda yake.

A wannan magana mahaifin Saratu da ƙanenta duk bakinsu ɗaya zai zama, in dai Littafi suke bi. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa, bai ce masa bangaskiyarsa ta gaza ba. Ishaya ya kawo wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara goma sha biyar daga wurin Allah, sa'an nan ya ce a kwaɓa ɓaure a manna masa a kan marurun. Bulus da kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Da Yesu ya warkar da kutare kuwa, cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci, waɗanda a shari'ar Musa su ne masu duba fata su tabbatar ko mutum ya tsarkaka. Na san akwai ikilisiyoyin da suka taɓa tsayawa a kan ƙin magani, har mabiyan Babalola suka rabu da turawan mishan da suke tare wajen 1940, kuma shan kwinin da turawan ke yi yana cikin dalilan rabuwar, amma barazanar ninki bakwai ga mai shan magani babu ta a ko'ina cikin nassi. Maganar bakwai da ke Matiyu 12 a kan aljanu take, ba ta shafi ƙwayar asibiti ba.

Kada ka yi gardama da Mama a kan ko ta warke, domin za ta ga kamar kana ja da Allah ne. Ka ce mata, Mama, tun da an ce Ubangiji ya taɓa ki, mu je mu karɓo shaida a rubuce yadda kutaren nan suka yi, don ranar Lahadi ki tsaya gaban jama'a da takarda a hannu. Ka kai ta asibiti gobe da safe a auna ta, ka tafi da magungunan da katinta, ka gaya wa likita ranar da ta daina sha, kuma shi ne zai ce a ci gaba, ko a rage, ko a canza. In kafin safiya ka ga bakinta ya karkace, ko hannu ya yi mata nauyi, ko magana ta sarƙe, kada ka jira gari ya waye. Ka kuma sanar da faston ikilisiyarku da shugabar Zumuntar Mata, domin Mama za ta fi jin maganar a bakinsu fiye da naka, kuma mai yiwuwa ba ita kaɗai wannan mutum ya ce ta zubar da magani ba.